Kaye Mai Shuɗin Bango

A kasuwar Dole na saye shi, dala arba'in,
na ce kullum sai na ba shi labari.
Watan farko har bik ya ƙafe.

Sai ranaku suka fara zille mini.
Wani shafi ba komai sai:
"Yau ma ruwa bai zo Garin Malam ba."
Wani, bashin da Lawali tela ke bi na.

Shekarar da Inna ta rasu
fari fat na bar ta.

Jiya na tsinto shi ƙarƙashin katifa,
gara ta cinye rabin Maris.
Barira ta ce, wa zai karanta?
Ban tanka ba.
Na lashi yatsa, na juya shafi,
na rubuta kwanan wata.