Daren Ƙirga Ƙuri'a a Manchesta

Ruwa bai tsagaita ba tun la'asar.
Talabijin na ta zuba lissafi,
ja ya ci nan, shuɗi ya faɗi can.
Shayina ya huce.

Da Malam Ilu na raye
da tuni ya kira yana dariya:
"Yaro, an sake canza wa tuwo suna."
Shekara talatin yana tuƙa bas,
bai taɓa fashin zaɓe ba,
bai kuma taɓa yarda da ɗan takara ba.

Bara muka binne shi,
sanyin ƙasar har ya ƙage mini yatsu.

Ɗazu na kaɗa tawa,
takardar kuɗin haya a aljihuna.
Ga wayar nan kan tebur,
na kasa goge lambarsa.