Hoton Matan Fada a Grimsby

Ƙarfe tara na dare, ina tsame kifi daga mai,
ruwan sama na marin gilashin shago,
tsoho Desmond ya jingina sandarsa da kanta
ya ce, kai ɗan ina ne?
Na ce Argungu.
Ya yi shiru irin na mai ƙirga canji.

Washegari ya zo da ambulan.
Hoto ne, gefensa ya soma ja.
Kogin Matan Fada ya cika maƙil,
gora na iyo, homa a sama kamar fikafikan zalɓe,
can kuwa daga gefe, taɓo har wuya,
kawu Nomau ne rungume da giwan ruwa.

Kwana huɗu ya yi, in ji shi, ya san ƙasarmu.
Ban musa ba.
Baƙo ko da ido makaho ne,
amma kuɗinsa na gani sarai.
Kwana huɗun nan su suka rufa ɗakinmu da kwano.
Inna ta toya masa har tanda ta tsage,
masu babur suka biya bashin bara.

Sauran ranakun fa, wa ya ɗauke su hoto?
Dashen shinkafa a fadama, ƙafa ta yi fari fat,
ihun korar janbaki tun asuba,
shekarun da ganga ta yi shiru
jemagu suka kama ɗaki a masaukin baƙi.

Na tambaye shi nasa ruwan.
Ya nuna tashar jiragen da haɓa.
Shekara talatin yana jan taru a tekun ƙanƙara,
yanzu ranar Asabar yake sa tsohuwar rigar aiki
'yan yawon buɗe ido su biya, su ji labari.
Kifin da nake soyawa ma
a daskare ya zo, cikin kwali, daga wata ƙasa.

Ashe shi ma giwan ruwa yake runguma
don wani ya danna kyamara.

Ya bar mini hoton, ya ƙi karɓar ko sisi.
Na ƙara masa dankali, na zuba gishiri da yawa.
Kawu Nomau na nan bisa injin kuɗi,
tururin mai yana cin fuskarsa a hankali.
Jiya wata yarinya ta ce, a ina ne wannan?
Na buɗe baki, sai layi ya matso.