Aron Ido, Aron Kunne

Shekara bakwai ke nan da hawan jinin ido
ya hure min fitila da rana tsaka.
Ni da na shekara talatin ina karanta wa mutane wasiƙa
a bakin gidan waya, ƙarƙashin dogonyaro,
sai ga ni ina juya takardar asibiti a hannu,
ban san samanta da ƙasanta ba.

Luba, jikata, ba ta san muryata ba.
Sanƙarau ya riga ni isa kunnenta
tun tana goye.
Da ina gani, da hannu muke hira.
Da idon ya tafi muka zama baƙin juna a tabarma ɗaya:
tana yi wa duhu alama,
ina jefa sunanta a rijiya.

Sai malamarsu ta zo Mabera ran wata Laraba,
bazara na gasa kwanon ɗaki,
ta sa wani abu a tsohuwar wayar Luba
mai tsagaggen gilashi.

Yanzu Luba kan riƙe wayar bisa takarda,
wata muryar mace, marar gari,
ta ɗebo Turancin likita ta juye min shi a Hausa:
ƙwaya ɗaya da safe, bayan an karya.
In na yi magana, maganar ta zama baƙaƙe a gilashi,
Luba ta karanta, ta taɓa min gwiwa sau biyu.
Sau biyu, na ji ke nan.

Ba wai muryar ta ƙware ba.
Ƙasa takan ce kasa.
Ran da na ce wagga ɗiya ta hi ni wayo,
abin da ta rubuta ya sa Luba shaƙewa da kunu.
Hausarmu ta Sakkwato ba ta zauna mata a baki ba tukuna.
Ajami kuwa, in an nuna mata,
sai ta yi gum kamar an biyo ta bashi.

Ga shi wasiƙun Inno duk da ajami suke,
cikin adaka, suna warin kanumfari.
Jiya bayan isha'i Luba ta zaro guda.
Ta san baƙin tun a allo.
Na ji yatsunta na tafiya a hankali,
tana mai da shi boko, harafi bayan harafi,
sannan baƙuwar murya ta ce:

Malam, gero ya yi tsada a Wurno.
Akuyar nan ta haifi biyu.
Ka dawo kafin ruwa ya ci hanya.

Shekara sha ɗaya da rufe ta.

Ban ce kome ba.
Gilashi bai sami abin rubutawa ba.
Luba ta taɓa min gwiwa,
sau biyu.