Babban Yatsa

A firamaren Ja'en aka ba ni tebur,
da kujera mai ƙafa uku da rabi,
da na'ura mai jan ido,
aka ce: rubuta talakawa.
Sai ka ce ɓuya suka yi,
sai ka ce ba su ne suka cika filin nan ba
tun ladan bai gyara murya ba.

Tambayoyin na cikin na'ura, bakina kawai aka ara:
Rufin ɗakinki kwano ne ko azara?
Sau nawa aka ɗora tukunya jiya?
Akwai rediyo? Akwai akuya?
Wata ta ce, "Akuyar ta maƙwabta ce,
amma dusata take ci.
Rubuta yadda ka ga dama."

Gab da azahar layi ya kawo Baba Tanimu.
Shekara talatin da ɗaya a kamfanin jima na Challawa,
yana tsoma fata a ruwan da ke cin fata,
har ranar da aka garƙama wa ƙofa kwaɗo,
aka sallame su da "za a neme ku."

Na ce, Baba, ɗora babban yatsa.
Ya ɗora. Ja.
Ya goge a gefen riga, ya hura masa iska. Ja.
Muka gwada manuniya, muka gwada na tsakiya,
muka bi goman nan ɗaya bayan ɗaya
kamar masu ƙwanƙwasa gidajen da aka tashi.

Na juya tafinsa na duba.
Sumul, kamar bayan sabuwar ƙwarya.
Zanen da Allah Ya yi masa tun yana ciki
ya bi fatun ya tafi,
yana can jikin takalma da jakunkuna
a garuruwan da bai iya kiran sunansu ba.

Na ce, Baba, na'ura ta ce ba ta san ka ba.
Ya yi dariya da haƙoransa huɗu:
"Yaro, ai ba ita ta fara ba."

Kada in ci amanar gaskiya:
kuɗin nan na isa wasu hannuwan.
Na ga Tasalla ranar da wayarta ta yi ƙara,
ta sayi waken suya rabin buhu,
ta fanshi kaskonta daga jingina,
'yarta ta koma aji da takalmi ƙafa biyu iri ɗaya.
Na gani da idona.
Shi ya sa abin ya tsaya mini a wuya.

Oga ya ce akwai takardar masu matsala,
a cike, a aika sama, a jira.
Wata nawa? Ya ɗaga kafaɗa.

A bakin ƙofa Lantana mai awara ta tare shi.
Ita ce uwar adashin layinsu.
Ta zaro littafi daga ƙasan faranti,
duk shafinsa mai ya huda shi,
ta ce, "Kwasar makon nan ta Barau mai faci ce,
ya ce a ba ka, shi ya bi baya."
Ba ta ce ɗora yatsa ba.
Ta ƙirga masa a tafin nan mai santsi,
ya dunƙule, kuɗin ba su zame ba.

Ɗari biyu da sha huɗu na rubuta ran nan.
Na sha biyar ɗin na sa shi da biro a bayan hannuna,
don gobe in tuna wa oga.
Na shiga adaidaita, mu biyar a mazaunin uku,
rana na dukan kwano, gumi na bin hannu.
Kafin mu kai Gadon Ƙaya
saura "Tani" kawai ake iya karantawa.

Na ɗaga hannun sama, na riƙe ƙarfen rufi,
haka na riƙe shi har gida.