Mafaɗa Ta Uku Ta Sauya Murya

Kakana Idwal ya zura takalmin roba da sassafe,
ya ce, "Nesta, ɗauko sandata, bar taswira a mota."
Shekara shida ke nan da idonsa ya yi hazo,
likitan Merthyr ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa.

Muka tura ƙofar katako a ƙarshen gonar Pugh.
Tumaki masu jan fenti a ƙugu suka dube mu,
suka ci gaba da abin da ya kawo su.
Damunar Wales ta mai da hanyar laka da saiwoyi,
ni ina duban ƙasa, shi ya karkata kai yana bin ruwa.

"Dama," na ce. "Dutse. Ɗaga ƙafa."
"Na san shi, ya fasa mini gwiwa ina ɗan tara.
Gaishe shi in kina so, mu mun daina gaisawa."

Ta farko siririya ce, zaren da ya kuɓuce wa masaƙi.
Ya saurara, ya gyaɗa kai:
"Wannan tana nan. Gwaggonki Gwenda ke nan,
ba ta gajiya, ba ta kuma faɗin abin tunawa."

Ta biyu mun same ta da baƙi,
'yan Bristol cikin rigunan ruwa masu launin lemo,
sun ɗaga waya, sun juya wa ruwan baya.
Muka ci burodi da cuku a kan jiƙaƙƙen kututture,
shayin fulas ya riga mu hucewa.

Daga nan gangare ne, matakala ɗari da wani abu.
Hannunsa a kafaɗata ba nauyi, abin ya ba ni tsoro,
mutumin da ke saɓa tunkiya ya haye tudu ba tsayawa.

Tun kafin mu hango ta ukun ya ƙame.
"Wannan ba muryarta ba ce."
Na ce an kwana huɗu ana ruwa, ƙoshi ne.
"A'a. Da baki ɗaya na san ta. Yanzu biyu nake ji,
ɗaya a sama, ɗaya na gunaguni a gefe."
Na sha kwana, na leƙa.
Wani ƙaton dutse ya ɓalle daga leɓen kwarin,
ya zauna a tsakiya, ko gansakuka bai yi ba tukuna,
ruwan ya rabu gida biyu, yana kewaye shi yana faɗuwa.

Na faɗa masa. Ya daɗe bai ce uffan ba.
"A kansa na tambayi Mair, can sama.
Ta ce sai ta yi tunani.
Ta yi tunanin daga nan zuwa iccen can."
Ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a maƙogwaro.
Na duƙa kan igiyar takalmina,
wadda ba ta buƙatar ɗaurewa.

Akwai 'yar hanya ta bayan ruwan
inda suke kora garke a zamaninsa.
A nan ya saki kafaɗata, ya kama tsintsiyar hannuna.
"Rufe ido. A nan ido ruɗi yake."
Na rufe. Ƙara ta cika ni har haƙora,
santsin dutse a hagu, sanyi a dama,
shi a gaba yana cewa dama, dutse, ɗaga ƙafa,
ni a baya kamar yau na fara takawa.

Ta huɗun ba mu je ba. Gwiwa ta ce ya isa.
A mota, safarmu na bushewa a bakin hita,
ya ce, "Ran da kika zo babu ni, saurare ta kafin ki duba,
ki zo ki gaya mini baki nawa gare ta."
Na ce a ina zan same ka?
Ya ce, "Maƙabartar Penderyn ba nisa,
kuma ba ni da wurin zuwa."