Kashe Injin Nan

Ran Talata ne, kafin hantsi,
mun bar gaɓar Amble da tarkon ƙaguwa saba'in,
ni da mahaifina, Alec Handyside,
wanda kunnensa na hagu ya mutu tun ina goye.
Amma shi ya fara ji.

"Ailsa, kashe injin nan."
Na kashe.
Can sama wani abu na tari,
tarin tsohon da ƙaya ta maƙale wa a wuya,
ya yi, ya tsaya, ya sake yi,
daga nan ya daina.

Shirun nan ne har yau bai sake ni ba.
Jirgin soja, ruwan toka, ƙato kamar sito,
farfela biyu sun sandare,
hayaƙi na bin fiffiken dama
kamar zaren da ƙusa ta ja daga riga.
Yana saukowa sannu, sannu,
yadda mai ciwon gwiwa ke neman wurin zama.

Wutsiya ta fara taɓa ruwa.
Sai ciki.
Sai teku ta miƙe tsaye, fara fat,
ta kere hasumiyar tsibirin Coquet,
ta koma ta zauna.

Baba bai ce uffan ba.
Ya zaro wuƙa ya datse igiyar da muke ja,
cefanen wata guda ya nutse yana kallo,
ya juya akalar jirginmu.
Raƙuman ruwa na marin mu,
warin mai ya toshe mana hanci,
ni ina ihu a oba-oba, ina ba masu gadin gaɓa lamba,
sau uku na faɗa, sau uku harshe ya harɗe.

Ga kwale-kwalen roba, ruwan goro,
yana juyi kamar faifai a hannun mai bakace.
Na ƙirga kawuna: ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Wata mace, jini ya rufe mata gira,
ta ɗaga hannu, yatsu a ware.
Na zaci gaisuwa ce, har na ɗaga nawa.
Ashe cewa take: mu biyar ne.

Mun jawo huɗun kamar buhunan gishiri,
haƙora na kaɗawa, leɓɓa sun yi shuɗi.
Muka kewaya. Muka sake kewayawa.
Ba komai sai kumfa da tarkacen kujera
da wata taswira tana iyo rigingine.
Matar na kiran "Gethin! Gethin!"
iska na mayar mata da sunan.

"Ailsa, kashe injin nan."
"Baba, ruwa zai ja mu kan dutse."
"Na ce kashe."

Ya rufe ido, ya miƙa wa teku kunnensa mai rai.
Mu bakwai ba mai numfashi. Mu shida, na manta.
Sai ga shi, siriri kamar kukan ɗan tsako:
usur.

Mun same shi rungume da goran alamar tarkonmu,
mai harafin Baba da jan fenti,
yaro ne, gemu bai gama fitowa ba.
Da ƙugiya na kamo wuyan rigarsa,
yatsunsa suka ƙi sakin goran,
sai muka ɗauko su tare.

Kafin mai saukar ungulu ya iso
filas ɗaya ya zaga bakuna biyar.
Matar ta tambayi Baba sunansa.
Ya ce, "Sha shayinki, zai huce."
Bayanmu wutsiyar jirgin ta ɗaga sau ɗaya,
ruwa ya rufe, ya shafe wurin da tafinsa.

Wasiƙa ta zo daga baya, mai tambari.
Baba ya sa ta ƙarƙashin ƙafar tebur da ke rawa.
Amma takalmin yaron, ƙafar hagu,
yana nan a jirgi, kusa da sitiyari.
Ciki muke ajiye wuƙa.