Ƙwaryar Adda Dudu

Sai da ruwa ya sauka sau uku a Bojude
sannan motar gandun daji ta iso da rugugi,
bayanta cike da dashe, kowanne a baƙar leda,
suna kaɗa kai kamar jarirai a goye.
Aka kira suna, na amsa, aka miƙo min dagi.

Rami sittin kafin azahar,
zurfin kamu guda, in ji Malam Gidado mai rajista,
wanda bakin mutum bai taɓa isarsa shaida ba
sai ya zura sandarsa ya gani.
Bakin kwarin da ya lashe gonar kawuna
muka jera maɗaci, muka jera dogon yaro,
kashu can kan jigawa inda ƙasa ta yi ja.

Yaga leda, kar ka yaga saiwa.
Danna ƙasa da diddige, ba da fushi ba.
Iyakar karatuna ke nan a wannan makaranta,
sai kanta a tafin hannu
da ciwon kwankwaso mai raka ni har tabarma.

Adda Dudu ba ta haƙa.
Dako take, ashirin-ashirin a daro,
gammo ya jiƙe, laka na bin wuyanta.
Da almuru, in mun zube gindin tsamiya
muna rabon kuɗin da ba a biya mu ba tukuna,
sai ta cusa wuƙa cikin garwashi,
ta kifa ƙwarya bisa gwiwa.
Cuu! Ƙauri ya tashi,
baƙin layi ya bi bayan bakin wuƙa.

Ran nan na leƙa.
Ga kwarin, ya yi kwance kamar mesa ta ƙoshi.
Ga ramukanmu, ɗigo bayan ɗigo,
kowane ɗigo da ganye biyu a kansa.
Ga wani sahu ya karkace kamar tafiyar kaza.
Na ce, nan hannunki ya goce.
Ta ce, a'a, naka ne,
ranar Laraba da 'yar mai ƙosai ta wuce.

Marka ta ɗauke. Aka biya mu, saura kwana tara
da har yau suna cikin rajista.
Na tafi Gombe tura baro a kasuwa,
na manta da maɗaci, shi ma bai neme ni ba.

Da bazara na dawo, na bi sahuna ina ƙirga.
Akuya ta karɓi zakkarta.
Gara ta ci nata daga ƙasa, ba sallama.
Wuta ta shafi na gefen hanya.
A sittin ɗin Laraba, sha tara na samu tsaye,
sirara, ganye bai cika tafi ba.

Na iske ta tana tankaɗe a tsakar gida,
ƙwaryar na jingine jikin randa,
dajinta cif, ko ɗigo ɗaya bai bushe ba.
Na ce, Adda, ƙwaryarki ta yi ƙarya.
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, ban zana itace ba, ɗan nan,
inda kuka durƙusa na zana.

Na ɗauka na juya ta.
Bakinta ya cinye, gefe guda ya tsage
an ɗinke shi da zaren buhu,
cikinta ya yi kore-kore da gansakuka,
irin na abin da bai kwana a bushe ba.
Sai na tuna inda sha taran nan suke:
hagu da dama, a kan hanyar rijiya.

Ban ce komai ba. Ita ma haka.
Gabas ta haɗa, iska ta kaɗa zanin shanya.
Ta ce, ka ji ko motar za ta zo bana?
Ina da ƙwarya biyu da ban taɓa ba.